Karatun Zaure da Ikon Tarayya a Bakin Tafkin Kainji

Akwai wata jimla da ta zauna daram a bakin jami'an ilimi da 'yan jarida a shekarun nan, wato "yaran da ba sa zuwa makaranta". Daga Ingilishi aka fassaro ta, kuma a can tana da ma'anar da aka yarda da ita: yaron da sunansa ba ya cikin rajistar firamare ko ƙaramar sakandare. Da zarar ta shigo Hausa kuwa sai ta fara ɗingishi. Kalmar makaranta daga karanta ta fito, wurin da ake karatu ke nan, kuma Bahaushe ya yi ƙarnuka yana amfani da ita kafin Hanns Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe tasa makarantar a Nasarawar Kano a 1909. Saboda haka idan mai ƙidaya ya shiga wata tunga a bakin ruwa a ƙasar Ngaski, ya tarar da yara zaune gaban malami kowa da allonsa, ya fito ya rubuta cewa ba sa zuwa makaranta, to, ya faɗi gaskiya a harshen takardarsa, ya kuma faɗi abin da duk mai jin Hausa a garin zai ƙaryata. Mu da muke nazarin harshe mun san irin wannan saɓani ba a ƙamus yake tsayawa ba. Wani ne ya samu ikon cewa wannan karatu ne, wancan ba karatu ba ne, kuma a Nijeriya ta yau Gwamnatin Tarayya ce ke riƙe da wannan iko.

Yadda ya taru a hannu ɗaya abu ne da ya cancanci a bi sawunsa, domin ba haka aka tsara a takarda ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bar ilimi a cikin al'amuran da tarayya da jihohi duk suke da hurumi a kansu, ya kuma ba ƙananan hukumomi hannu wajen samar da firamare da kula da ita. Sai dai a jerin al'amuran da tarayya kaɗai ke da ta cewa, an saƙala wani ɗan layi da ya ba ta damar gindaya mafi ƙarancin mizanin ilimi a kowane mataki, abin da soja suka riga suka yi wa doka mai lamba 16 tun 1985. Ƙaramar ƙofa ce a ido, amma ta nan komai ya shige. Manhajar da ake koyarwa a firamaren Wara da ta Dugu, hukumar NERDC ce ke tsara ta a Abuja. Jarrabawar da za ta kai yaro jami'a tana hannun JAMB tun 1978. Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, ya samu dokarsa a 2004, dokar da ta wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya tabbata ɗansa ya shiga firamare da ƙaramar sakandare, ya kuma kammala. Wanda ya ƙi, a karon farko jan kunne ne, a na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan naira 5,000 ko wata biyu. Sashen farko na dokar ya ce taimako kawai tarayya take yi wa jihohi da ƙananan hukumomi, an kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta don wannan taimako. Amma jiha ba ta taɓa kuɗin sai ta ajiye nata kason daidai da shi, ta kuma kawo tsarin aikin da hukumar UBEC ta amince da shi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan wani ya san yadda irin wannan taimako yake.

Mutanen ƙasarmu dai ba a aji suka fara sanin ikon tarayya ba, a ruwa suka san shi. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka datse Kwara a 1968, ruwa ya taso ya haɗiye tsohuwar Busa da yawancin tsibiran da Gungawa suka samo sunansu daga gare su, tare da fadamun albasa da na shinkafa. Mutane fiye da 40,000 aka tayar, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka na siminti waɗanda a ofis aka zana su. Kakata ta wajen uwa, wadda Bagungiya ce, tana cikinsu. Har ta bar duniya ba ta da wata kalanda sai "kafin ruwa" da "bayan ruwa". Dangin mahaifina kuwa Sarkawa ne, masunta masu jin Hausa da suka gangaro daga Kabi suna bin kifi, su ma ruwan ya tashi tungarsu. Abin da na taso ina ji a bakin manya shi ne, a cikin kayan da aka loda a kwale-kwale ranar ƙaura akwai allunan yara da gafakar malam, kuma kafin a gama rabon ɗakuna an riga an hura wutar karatun dare a gindin wata tsamiya. Shekara takwas bayan haka, a Satumbar 1976, gwamnatin da ta karɓi ƙasa ta dawo da shirin UPE tana neman 'ya'ya. Idan aka ce iyaye sun yi ɗari-ɗari a lokacin, har wasu suka tura yara tsallaken ruwa ranar ɗaukar suna, ni ban ga jahilci a ciki ba. Mutane ne suka auna sabon alƙawari da abin da suka gani a tsohon.

Ni a bayan ruwa aka haife ni, kuma makarantu uku na yi a lokaci guda, ko da yake ɗaya ce kawai ta ba ni takarda. Ta farko zauren malam ne, da asuba da kuma bayan magariba. Wanda bai zauna a irin wannan zaure ba yakan ɗauka hayaniya ce kawai, alhali akwai tsari mai tsauri a cikinta. Babu aji, babu zango, kowane yaro yana da wurin da ya tsaya shi kaɗai. Da babbaƙu ake farawa, a shiga farfaru, sannan a kama surori daga ƙasa zuwa sama, kuma ba a wanke allo sai an biya abin da ke kansa babu gargada. Mai kaifin kai yana wucewa ba ya jiran kowa, mai nauyin kai kuma ba a korarsa, ba a kuma tura shi gaba don tsaransa sun wuce. Ranar Laraba kowa ya zo da kuɗin Laraba, wanda a garinmu sau da yawa busasshen kifi ne ko mudun shinkafa, a huta Alhamis da Juma'a. Malam ba shi da sufeto, amma yana da wanda ya fi sufeto, domin uban da zai ji ɗansa yana karya madda a sahu ɗaya suke salla da shi sau biyar a rana, kuma idan bai gamsu ba gobe zai ɗauki allon ya kai wani zaure. A cikin gida kuma gwaggona tana tara matan aure bayan azahar, ta bi da su Ahalari da Ishmawi tana fassarawa da Hausa, irin hanyar da Nana Asma'u ta tsara wa 'Yan Taru a ƙarni na 19, lokacin da jajoji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata har ɗakunansu a ƙauyuka. Idan ba wannan ne karatun gida da ake ta muhawara a kansa a ƙasashen Turai ba, to mene ne?

Makaranta ta biyu kwale-kwalen kawuna ce. A nan na koyi bambanta taru da birgi da mamari, da sunayen kifaye tun daga giwan ruwa da karfasa har zuwa warangi, da sanin irin iskar da idan ta taso daga gabas babu abin yi sai neman gaɓa. Ta uku ita ce firamare, kuma ita ce kullum ke karo da sauran biyun, saboda kalandarta ba ta san ruwa ba. Kwara sau biyu take cika a shekara a wannan yanki: akwai farin ruwa mai laka da ke zuwa da daminar nan kusa, akwai kuma baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya iso mana a tsakiyar hunturu. Da wannan hawa da sauka ake shirya su, da shi ake shirya noman bakin tafki, da shi iyali ke tashi su koma wata tunga na 'yan watanni. Zauren malam yana tashi tare da su. Firamare tana nan inda aka kafa ta, rajistarta tana cika da alamar fashi. Ba wai tarayya ba ta lura ba: an kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989 zamanin Farfesa Jibril Aminu, aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Tunani ne mai kyau ƙwarai. Amma lura da sunan da aka ba mu a dokar 2004, rukuni na musamman, tare da makiyaya da almajirai da yaran titi. A bakin tafkin nan mu ne jama'ar gari.

A Yelwa da Wara yanzu makarantun kuɗi sun yawaita, na boko zalla da na Islamiyya masu haɗa biyu, kuma ana kiransu masu zaman kansu. Tarihin wannan zaman kai yana da ban sha'awa. A shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, gwamnatocin jihohi sun karɓe makarantun mishan da na al'umma a sassa da dama na ƙasar nan. A 1980 gwamnatin Lateef Jakande ta Legas ta yi yunƙurin soke firamare masu zaman kansu baki ɗaya, sai Babban Bishop Anthony Olubunmi Okogie da wasu suka garzaya kotu, a 1981 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa 'yancin yaɗa ra'ayi da ilimi da tsarin mulki ya bayar ya haɗa da kafa makaranta. A inuwar wannan hukunci duk mai makarantar kuɗi a Yawuri yake sha iska, ko ya sani ko bai sani ba. Sai dai na shiga da yawa daga cikinsu lokacin da nake tattara bayanan digirina na biyu, abin da na gani shi ne ginin nasu ne, kuɗin nasu ne, rigar yara tasu ce, amma abin da ke kan allon bango na Abuja ne, tun da jarrabawa ɗaya ce ke jiran kowa a ƙarshe. Wasunsu ma sun fi gwamnati tsanani, har tara suke cin yaron da ya yi Hausa a harabar makaranta. Makarantar da ke da cikakken zaman kanta a ƙasar Yawuri ita ce zauren malam, ita kuwa ta same shi ne saboda ba a lissafa ta.

Wannan ne ya sa nake yin taka-tsantsan da muhawarar da ke shigo mana daga Amurka. A can Kotun Ƙoli ta hana jihar Oregon tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati tun 1925, a 1972 ta yarje wa mabiya ɗariƙar Amish su cire 'ya'yansu bayan aji takwas, kuma Ma'aikatar Ilimi ta tarayya, wadda sai 1979 aka yi dokar kafa ta, har gobe akwai masu neman a rushe ta. Jamus ta bi akasin haka, karatun gida haramun ne a dokarta. Faransa kuma tun 2022 sai da izinin hukuma. Amma a duk ƙasashen nan gardamar a kan uban da ke da makaranta mai rufi da malami a bayan gidansa ne, ya ce ba ya so. Uban da ke tunga a ƙasar Shanga, wanda firamare mafi kusa da shi sai an yi tafiya mai nisa a ƙasa ko a ruwa, in an isa ma malami ɗaya ne ke riƙe da azuzuwa da yawa, ba wannan zaɓi ke gabansa ba. Ɗora masa kalmomin waccan muhawara, na masu goyon bayan gwamnati ko na masu adawa da ita, sanya masa rigar aro ce.

Sannan akwai 17 ga Yuni 2021. A ranar 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka, suka kashe ɗan sanda, suka tafi da ɗalibai fiye da 80 da wasu malamai. Irin waɗannan kwalejoji, waɗanda aka fara da uku a 1966 a Sakkwato da Warri da Okposi, su ne fuskar tarayya a fagen ilimi, an kafa su don ɗan Arewa da ɗan Kudu su kwana ɗaki ɗaya. An sako ɗaliban kashi-kashi, amma 'yan mata 11 suka rage a daji, har iyayensu suka kafa kwamiti suna roƙon jama'a su taimaka a haɗa kuɗin fansa. Na ƙarshensu sai a 2023 suka dawo, kusan shekara biyu. Ba na kawo wannan don in ce laifin boko ne, domin 'yan bindiga sun sha kwashe 'yan Islamiyya ma, kamar yadda aka yi a Tegina ta Jihar Neja makonni kaɗan kafin nan. Abin da nake cewa shi ne dokar da ta ce wa uba dole ka miƙa ɗanka ta ɗauki amana, kuma amana tana da nauyin da ya wuce tarar naira 2,000. Tun daga ranar, duk jami'in da zai tsaya gaban iyaye a Ngaski ya yi musu wa'azin tilas, da wannan rana a tsakaninsa da su yake magana.

Kada mai karatu ya ɗauka waƙar yabo nake yi wa zaure. Na san abin da 'yancin iyaye ke haifarwa idan babu mai tambaya. Na san tsarana da muka fara babbaƙu tare, aka ɗauke shi yana ɗan shekara bakwai aka kai shi wani gari mai nisa, ya yi shekaru yana bara da kwano, ya dawo bai sauke ba, bai kuma iya saƙa taru ba. Na san 'yan mata masu kaifin basira da karatunsu ya tsaya a izu biyar don an sa ranar aure. Na sha tsayawa a kasuwar kifi ta Yelwa ina kallon masunci, mahaddaci kuwa, yana miƙa wa dillali takardar bashin injin jirgi ya karanta masa, alhali dillalin ne ya rubuta ta. Wannan mutum ba jahili ba ne, amma an bar shi ba makami a duniyar da ake mulkinta da haruffan boko da alƙaluman lissafi. Yaro ba dukiyar gwamnati ba ne, wannan na yarda. Ba kuma dukiyar ubansa ba ne, malamanmu na zaure da kansu suke karantar da cewa amana ne a hannunsa. Wanda duk ya ce a bar kowane gida da abin da ya ga dama, ya je ya faɗi haka a gaban wancan masunci.

Tarayya ta taɓa tsangaya sau da dama, kowane karo kuma da gini ko da mota. A Afrilun 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150 a faɗin ƙasa, da yawa suka koma kufai saboda an gina su ba tare da alarammomin da yaran ke hannunsu ba. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka loda almajirai a motoci kowa aka mai da shi jiharsa. A Mayun 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, sunan da shi kansa ya haɗa mai allo da marar komai a kwando ɗaya. Ra'ayina shi ne a raba abu biyu da aka cakuɗa, wato inda ake so yaro ya kai, da hanyar da zai bi. Na farko haƙƙin hukuma ne, ta tsaya a kansa da ƙarfi: kowane yaro, kafin ya balaga, ya iya karanta wasiƙa da rubuta ta, ya iya lissafin ciniki, kada a tura shi bara, kada a yi masa dukan da zai nakasa shi. A gwada wannan a fili, a ba wanda ya ci takardar da za ta buɗe masa aji na gaba, ko a ina ya koya, a kuma karɓi ajami a matsayin rubutu, tun da rubutu ne. Na biyu a bar wa iyaye da malamai. Ba sabon abu nake ƙirƙira ba. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zanawa da ƙashin kansu, ba sa tambayar ajin da mutum ya zauna. Hukumar NBAIS, wadda tushenta ya koma zamanin Sardauna, ta riga ta nuna cewa karatun Larabci da addini zai iya samun takardar da jami'a ke karɓa. Abin da ya rage shi ne a sauko da wannan ƙofa ƙasa, inda ɗan shekara goma sha biyu zai kai hannu.

Akwai wani ɓangare na maganar da ya shafe mu kai tsaye, mu manazarta Hausa, kuma ba shi da daɗin faɗa. A Nuwambar 2022 Minista Adamu Adamu ya sanar da cewa za a riƙa koyarwa da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. A Nuwambar 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Ingilishi. Shekara uku, sanarwa biyu, ba a tambayi uwa ko ɗaya a Zamare ba. Sassanmu sun yi murna da ta farko, sun yi baƙin ciki da ta biyu, ni ma haka. Amma harshen uwar wa? Manufar Ilimi ta Ƙasa tun 1977 ta ce harshen uwa ko harshen da ya mamaye muhalli, a Yawuri kuwa wannan na biyun Hausa ce. Kakata Tsureshe take yi. Mahaifiyata tana ji, tana mayarwa da Hausa. Ni gaisuwa kawai na tsira da ita. Harshen Shanga, wanda ɗan gidan Mande ne, dangin Busanci, ya ja baya har yawancin Shangawa Hausa suke yi a gida, su Lopawa da Larawa ma suna kan wannan hanya. Ba Ingilishi ne ya cinye waɗannan harsuna ba, ba kuma manhajar Abuja ba ce. Kasuwa ce, da fada, da aure, da kuma zauren nan da nake karewa, inda ɗan Bagunge ke shiga da allo ya fito Bayauri. Frank Salamone ya rubuta wannan tun 1975 a maƙalarsa kan yadda Gungawa ke zama Hausawa, marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya nuna a littafinsa na 1978 irin nisan da tasirin Hausawa ya kai a Afirka ta Yamma. Mukan karanta shi da alfahari. Daga gefen kakata idan aka karanta, wani ɗanɗano ne daban. Saboda haka idan muka tsaya muna cewa Abuja ta daina yi wa jama'a zaɓin harshe, mu shirya jin wannan magana daga bakin Bakambare da Badukke, mu kuma shirya ba su amsar da ta wuce cewa Hausa ce kowa ke ji.

A bara maganar ta shigo gidanmu. 'Yar yayana ta gama firamare da sakamako mai kyau, malamanta suka ba da shawarar a nema mata makarantar kwana. Mahaifiyarta ta ce ba da ita ba, ta ambaci Birnin Yawuri sau ɗaya ta yi shiru. Wani kawunmu ya ce a bar ta a gida ta ci gaba da Iziyya wajen gwaggo, ai shi ma karatu ne, kuma bai yi ƙarya ba. Yaya ya dube ni ya ce, "To Malam, kai ne ka yi bokon nan har ka ƙoshi, me ka gani?" Na ce, "Yaya, ni dai kada a raba ta da ko ɗaya. A kai ta jeka-ka-dawo a Wara, ta zauna wajen Inna, da dare ta ɗauki littafinta." Aka yi kwana uku ana jan magana, har da batun kuɗin mota da wanda zai riƙa kai mata hatsi, daga baya aka tsaya a kan haka. Ni na raka su ranar cike takardar shiga. Da aka zo gurbin makarantun da ta yi a baya, Yaya ya tambaya ko a sa zauren malam, tun da shekara bakwai ta yi a can kuma ta sauke. Magatakardan ya duba takardar, ya ce layi ɗaya ne aka bari, ya rubuta sunan firamare.